Magama, Jibiya

Magama, wadda aka fi sani da Magamar Jibiya, ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, a arewa maso yammacin Najeriya. Garin yana bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Maraɗi. A nan ne ofisoshin kwastan da na jami'an shige da fice suke, wurin da direbobi da 'yan kasuwa ke kira bodar Jibiya. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Jibiya, wadda Magama ke cikinta, tana da mutum 169,748. Yawan mutanen da ke kwana a Magama kanta yana hawa yana sauka gwargwadon halin da iyakar ke ciki, da ranakun kasuwa, da kuma yanayin tsaro a ƙauyukan da ke kewaye.

Asalin suna

Kalmar "magama" sunan wuri ce a Hausa. An gina ta ne da ɗafa-goshin "ma-" da saiwar "gam-", wadda ake samu a "gamu" da "gama", sai wasalin ƙarshe "-a". Wannan shi ne tsarin da ya samar da kalmomi irin su mahaɗa, mashiga, mafita, marina, majema da makaranta. Ma'anarta ita ce wurin da hanyoyi ko mutane ko ruwaye suke gamuwa. Sunan ya dace da garin, domin a nan hanyar da ta fito daga Katsina take rabuwa biyu: ɗaya ta yi arewa zuwa Nijar, ɗaya ta wuce garin Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ƙasar Zamfara.

Akwai wasu wurare a Najeriya masu wannan suna. Akwai ƙaramar hukumar Magama a jihar Neja, mai hedikwata a Nasko, akwai kuma Magama Gumau a ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi, a kan hanyar Jos zuwa Bauchi. Don a bambanta ne ake cewa Magamar Jibiya. A takardun gwamnati da jaridun Turanci ana rubuta sunan ƙaramar hukumar "Jibia", amma a rubutun Hausa "Jibiya" ya fi daidai da yadda ake furtawa.

Wurin da garin yake

Magama tana kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 7 gabas. Tsakaninta da birnin Katsina kimanin kilomita 40 ne ta yamma, tsakaninta da Maraɗi kuwa kimanin kilomita 50 ta arewa. Mai tasowa daga Katsina yakan ratsa Daddara, ya iso Magama, kafin ya shiga garin Jibiya wanda ke 'yan kilomitoci gaba kaɗan. Wanda ya karkata arewa ya tsallaka shingen iyaka, babban gari na farko da zai tarar shi ne Ɗan Isa, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. A ɓangaren Najeriya hanyar ita ce babban titin tarayya mai lamba A9, wanda ya haɗa Kano da Katsina da iyaka. A ɓangaren Nijar ana kiranta hanyar ƙasa mai lamba 9.

Ƙaramar hukumar Jibiya tana da faɗin murabba'in kilomita 1,037. Ta yi iyaka da Nijar daga arewa, da ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara daga yamma, da Batsari daga kudu, sai Batagarawa da Katsina da Kaita daga ɓangaren gabas. Wannan zama ya sanya ta tsakanin abubuwa biyu masu tasiri a rayuwar mutanenta: hanyar fatauci ta ƙasa da ƙasa daga arewa, da dazuzzukan da suka miƙa zuwa Zamfara da Batsari daga yamma da kudu.

Ƙasa da yanayi

Yankin fili ne mai jigawa, ƙasarsa rairayi ce mai saurin shanye ruwa, sai fadamu a bakin gulbi. Itatuwan da aka fi gani su ne gawo, kuka, aduwa, magarya da bedi, wato itacen da Kanawa ke kira darbejiya. Damina takan kankama a watan Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba, kuma ruwan ya fi yawa a Agusta. Hunturu yana zuwa da ƙura da sanyin dare daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara, musamman Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40.

Babban ruwan yankin shi ne kogin Gada. Yana tasowa daga cikin jihar Katsina, ya ratsa ƙasar Jibiya, ya shiga Nijar inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya faɗa kogin Rima. A kan wannan kogi aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙarshen shekarun 1980. Madatsar ta ƙasa ce, tsawonta ya haura kilomita 3, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142 domin noman rani da ruwan sha. Da yake ruwan na ƙasashe biyu ne, yana cikin kogunan da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar ta yi magana a kan rabonsu.

Yadda iyaka ta biyo ta wurin

Kafin zuwan Turawa, ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta daɗe a ƙarƙashin sarautar Katsina. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina a wajejen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar Haɓe kuma ya yi hijira arewa. Daga baya zuriyarsu, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka kafa mulkinsu a Maraɗi a wajejen 1819. Har yau sarkin Maraɗi yana amsa sunan Sarkin Katsinan Maraɗi. A tsawon ƙarni na 19 ɓangarorin biyu sun yi ta kai wa juna hari, ƙasar da ke tsakaninsu ta zama fagen fama, yawancinta daji.

Iyakar da ake gani a yau ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa. Ta 1890 ta ja layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Cadi. Ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, kuma a kan takarda Maraɗi ta faɗo ɓangaren Ingila. Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu tsakanin kogin Kwara da Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Saboda haka yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka turo layin kudu, Maraɗi ta koma hannun Faransa, Katsina kuma, wadda Ingilishi suka shiga a 1903, ta zauna a Najeriya. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta bi ƙasa ta kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Da ƙasashen biyu suka sami 'yancin kai a 1960, suka gaji wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500.

Wannan ne ya sa wata mararraba da ke tsakanin garuruwan Katsinawa biyu ta zama ƙofar ƙasa. Girman Magama ya biyo bayan titin mota da shingen kwastan: inda mota ta tsaya a duba takardunta, nan masu abinci da 'yan dako da 'yan canji suke kafa rumfa, daga rumfa kuma sai gida.

Yawan jama'a

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006. Ta ba jihar Katsina mutum kimanin miliyan 5.8, ta ba ƙaramar hukumar Jibiya 169,748 a sakamakon da aka fara fitarwa. Idan aka raba wannan adadi da faɗin ƙasar, kowace murabba'in kilomita ɗaya tana ɗauke da mutum kusan 164. Sai dai mutanen ba a baje suke daidai wa daida ba. Sun fi taruwa a garin Jibiya, da garuruwan bakin titi irin su Magama da Daddara, da kuma ƙauyukan da ke kusa da madatsar ruwa.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta wallafa sakamakon 2006 ne a matakin ƙasa da jiha da ƙaramar hukuma. Jerin garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da adadinsa, ya fito ne a ƙidayar 1991, shi ya sa masu bincike a jami'o'i suke komawa alƙaluman 1991 su yi lissafin ƙaruwa idan suna son adadin wani ƙauye. Ƙidayar 2006 kuma ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, amma gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta a ƙarshen Afrilu, kwanaki kaɗan kafin a fara.

Saboda haka alƙaluman da ake amfani da su a yau hasashe ne. Hasashen shekarar 2022 ya kai jihar Katsina sama da mutum miliyan 10, ƙaramar hukumar Jibiya kuma kusan 300,000. Irin wannan lissafi yana ɗaukar cewa kowace ƙaramar hukuma tana ƙaruwa da sauri ɗaya da jihar baki ɗaya. A wurin da jama'a ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, yawansu yakan ninka cikin shekara 23 zuwa 24. Lissafin yana da amfani ga jiha, amma ba ya kama garin iyaka da kyau, domin ƙaruwar irin wannan gari ta fi dogara da masu shigowa da masu fita fiye da haihuwa da mutuwa.

Akwai wasu hanyoyi da hukumomi ke bi su kimanta mutanen gari kamar Magama. Rajistar masu zaɓe tana ba da adadi a matakin mazaɓa da rumfar zaɓe, amma ta ƙunshi 'yan shekara 18 zuwa sama ne kawai, alhali kusan rabin mutanen arewa maso yamma yara ne. Ma'aikatan rigakafin shan inna suna bin gida gida su lissafa yara 'yan ƙasa da shekara 5. Masu unguwanni da dagatai suna riƙe da sanin magidantan da ke ƙarƙashinsu. A 'yan shekarun nan kuma ana amfani da hoton tauraron ɗan adam a ƙirga rufin gidaje. Kowace hanya tana auna wani ɓangare ne na jama'a, shi ya sa adadinsu ba ya zuwa ɗaya.

A ƙetaren iyaka tsarin ya bambanta. Nijar ta yi ƙidaya a watan Disamban 2012, wadda ta ba jihar Maraɗi mutum kimanin miliyan 3.4, birnin Maraɗi 267,249, ƙaramar hukumar Ɗan Isa kuma sama da 90,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta fitar da kundin garuruwa da ƙauyuka da rugage, kowanne da yawan mutanensa da gidajensa. Ke nan ƙauyen da ke arewa da shingen Magama yana da adadi a rubuce na 2012, maƙwabcinsa na kudu kuwa sai an koma 1991.

Maganar adadi ba ta masu bincike kaɗai ba ce. Yawan jama'a yana cikin ma'aunan da ake raba kuɗin asusun tarayya da su tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi. Da shi ake tsara yawan ajujuwa da malamai, da allurar rigakafi, da gidan sauro, da rijiyoyin burtsatse, da kayan agaji idan annoba ta faɗo. Garin da mutanensa suka fi abin da ke rubuce yawa, asibitinsa da makarantarsa ne suke ɗaukar nauyin bambancin.

Abubuwan da ke sauya yawan mutanen garin

Abu na farko shi ne buɗewa da rufewar iyaka. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, a zamanin mulkin soja. An sake rufe su a watan Agustan 2019 da nufin hana shigo da shinkafa da makamai da fitar da man fetur. A Nuwamban wannan shekara aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da ta shafi Magama da garin Jibiya gaba ɗaya. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamban 2020, wato Seme, Illela, Maigatari da Mfum, Jibiya ba ta ciki. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta saka wa Nijar takunkumi, aka sake rufe shingen. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta ba da umarnin buɗewa a ranar 13 ga Maris, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren kwanaki kaɗan bayan haka. A duk lokacin da aka rufe, manyan motoci sukan yi layi a bakin titi na wani ɗan lokaci, daga nan harka ta mutu, 'yan dako da 'yan kamasho da masu sayar da abinci su watse zuwa Katsina da Kano ko su koma gona.

Abu na biyu shi ne kasuwa da lokutan shekara. Kasuwar Jibiya tana ci ranar Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi da dabbobi na wannan yanki. Tun daga ranar Asabar fatake daga Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa suke ratsowa ta Magama. Bayan kaka kuma 'yan ci-rani daga ƙauyukan Nijar suna bin wannan hanya zuwa biranen Najeriya, su dawo gida gab da faɗuwar damina.

Abu na uku shi ne rashin tsaro. Jibiya tana cikin ƙananan hukumomin jihar Katsina da hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane suka fi shafa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Jibiya. A watan Satumba aka katse layukan waya a yankin na tsawon watanni. A Fabrairun 2022 'yan bindiga suka shiga Magama da dare, babban jami'in 'yan sanda na yankin yana cikin waɗanda suka rasa ransu. A watan Maris na wannan shekara mutanen Shimfiɗa suka bar garinsu bayan janye sojojin da ke wurin, suka taho Jibiya, da yawa suka sauka a ginin makarantar sakandaren 'yan mata. Irin wannan gudun hijira yana rage mutanen ƙauyukan daji, yana ƙara na garuruwan bakin titi, inda 'yan gudun hijira ke raɓawa a gidajen dangi da kangaye. Wasu kuma sun tsallaka Nijar: tun daga 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi rajistar dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a jihar Maraɗi. A farkon 2025 shugabannin al'umma a Jibiya sun ƙulla sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, abin da ya ba wasu manoma damar komawa gonakinsu.

Abu na huɗu shi ne ruwa. A tsakiyar watan Yulin 2018, ruwan sama na dare ɗaya ya haddasa ambaliya a garin Jibiya, mutum fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. An tsinci gawarwakin wasu a cikin Nijar, inda gulbi ya kai su. Iyalai da dama da ke zaune a kwari sun tashi sun koma tudu bayan wannan annoba.

Al'umma da harshe

Mafi yawan mazauna Magama Hausawa ne da Fulani, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Akwai Buzaye da sauran mutanen Nijar da fatauci ko auratayya ta zaunar, akwai kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya da 'yan kasuwa daga sassan Najeriya daban-daban, cikinsu har da Kiristoci. Gida ɗaya yakan kasance da 'yan'uwa a ɓangarorin biyu na iyaka. Biki da suna da ta'aziyya suna sa mutane su tsallaka su dawo a yini guda, wasu manoma kuma gidansu yana ƙasa ɗaya, gonarsu tana ɗaya ƙasar.

Hausar da ake yi a garin Katsinanci ce, kuma ta yi kusa ƙwarai da ta Maraɗi. Ana jin "h" ko "hw" a inda daidaitacciyar Hausa ke da "f", kamar "tahi" a maimakon "tafi" da "hura" a maimakon "fura". Ana cewa "na faɗa ma Audu" a inda Bakano zai ce "na faɗa wa Audu", ana kuma yawan amfani da "shi" a mallaka, kamar "gidanshi". Babban abin da ya raba Hausar ɓangarorin biyu shi ne kalmomin aro. Na kudu sun aro daga Ingilishi, na arewa daga Faransanci. Jami'in da ake kira kwastan a Magama, a Ɗan Isa duwan ne. Makarantar boko a can lakwal ce, kalmar likita kuma tana iya nufin asibitin kansa. Har lissafin kuɗi ya bambanta: a Nijar ana ƙirga sefa da dala, kowace dala tana daidai da faran 5, jaka ɗaya kuma faran 1,000 ce, alhali a Najeriya jaka naira 200 ce. 'Yan canjin Magama suna aiki da lissafin biyu a lokaci guda.

Sana'o'i

Noma shi ne tushen abincin gari. Da damina ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Da rani waɗanda ke da fili a ƙarƙashin madatsar Jibiya ko a fadama suna noma alkama da masara da tumatir da albasa da tattasai. Ana kiwon shanu da tumaki da awaki, mata kuma suna kiwon turke domin kasuwar babbar salla.

Sauran sana'o'in sun rataya ne a kan titi. Daga Nijar ana shigo da dabbobi da wake da aya da riɗi. Daga Najeriya ana fitar da masara da gero da dawa da siminti da takin zamani da kayan roba. Shekaru da dama 'yan kasuwar Maraɗi sun riƙa sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su kawo su Maraɗi, daga nan su shigo Najeriya: shinkafa, gwanjo, atamfa da motoci. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, motoci kuma daga farkon 2017. Hanin bai tsayar da cinikin gaba ɗaya ba, ya dai tura wani ɓangarensa zuwa ɓarauniyar hanya, inda matasa ke ɗauko buhu ɗaya ko biyu a kan babur. Fataucin fetur a jarka zuwa Nijar ya daɗe yana ciyar da gidaje da yawa, amma ribarsa ta ragu bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan hanya zirin Kano, Katsina da Maraɗi, suna kuma ɗaukar ta a matsayin ɗaya daga cikin jijiyoyin abinci na yankin Sahel. A shekarar da damina ta yi gardama a Nijar, farashin gero a Maraɗi yana bin abin da ke faruwa a kasuwar Dawanau ta Kano da kasuwar Jibiya, da kuma yawan motocin da aka bari suka wuce ta shingen Magama.

Mulki

A tsarin zaɓe, Magama tana cikin mazaɓar Mazanya da Magama, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Jibiya. Sauran sun haɗa da Jibiya, Bugaje, Faru, Farfaru, Gangara, Kusa, Riko, 'Yangayya da Gurbin Ɓaure. A majalisar wakilai ta tarayya Jibiya tana tare da Kaita a kujera ɗaya, a majalisar dattawa kuma tana cikin Katsina ta Tsakiya. A sarautar gargajiya garin yana ƙarƙashin masarautar Katsina, kuma hakimin Jibiya yana riƙe da sarautar Sarkin Arewa. Jihar Katsina kanta an ƙirƙire ta ne daga tsohuwar jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumban 1987.

Harkokin iyaka na gwamnatin tarayya ne. Baya ga kwastan da jami'an shige da fice, akwai 'yan sanda da sojoji da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi da masu duba lafiyar dabbobi da tsirrai. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance a ranar 29 ga Janairun 2025, sai dai ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da barin 'yan ƙasar suna zirga-zirga kamar da, har zuwa lokacin da za a cim ma sabon tsari.

Sufuri

Ƙananan motocin haya suna jigila kullum tsakanin Katsina da Magama da Jibiya, wasu kuma suna wucewa har Maraɗi. Babura ne ke haɗa garin da ƙauyukan da titi bai kai ba, a ɓangarorin biyu na iyaka. Matafiya sun daɗe suna kokawa da yawan shingayen bincike a kan titin Katsina zuwa Jibiya, abin da ke tsawaita tafiya ya kuma ƙara kuɗin mota da na kaya. Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal yake ginawa a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. An tsara layin ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar, kuma Jibiya ce tasha ta ƙarshe a ɓangaren Najeriya.